Ragon da Almu Ya Kai Makaranta

Almu mahauci ne a Ƙofar Guga, ɗan mahauci, jikan mahauci. Kawuna ne sana'arsa: kan sa, kan rago, kan akuya, ya babbake, ya kankare, ya fasa. Shekara ashirin da biyar yana wannan aiki, ba wanda ya taɓa ce masa Malam ko da wasa. Ƙanensa Nu'umanu, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ake ce wa haka. Lokacin da mai unguwa ya matsa kowane gida ya ba da yaro ɗaya, ubansu ya tura Nu'umanu boko, Almu kuwa aka miƙa masa wuƙa. Yanzu ga Nu'umanu yana koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Kambarawa, yana zaune a gidan gwamnati a gefen GRA, da lantarki da famfo.

Duk wannan Almu ya haɗiye shi tun da daɗewa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne Fadila, ɗiyarsa ta uku, wadda ke aji uku a makarantar. Yarinyar ba ta buɗe baki sai da sunan baffanta.

"Baffa ya ce nan bayan goshi ake auna magana kafin a yi ta," ta ce wata rana ana cin tuwo, tana taɓa goshinta. "Ya ce hadda ita ce matakin ƙasa. Na sama shi ne ka ga abu biyu ka haɗa su, ka fito da na uku."

"Shi Baffan naki kai nawa ya taɓa fasawa?" in ji Almu.

"Ai na mutum muke yi, Baba. A hoto."

"A hoto," ya ce, ya ture kwanon.

Shekarar nan ce soja suka tattara suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, kowa yana son a ga ya yi aiki. Sai aka ce manyan ilimi za su zagaya makarantu su zaɓi 'yan mata masu kai, a shirya su don makarantar kimiyya. Nu'umanu bai tsaya wata-wata ba ya wuce wajen tsohuwarsu, Inna Saudatu, ya roƙi a ba shi riƙon Fadila in aka zaɓe ta, ta koma gidansa inda za ta yi karatu a natse. Shi 'ya'yansa duk maza ne. Inna ta aika aka kira Almu.

"Ɗiyar ɗan'uwa ai ɗiya ce," ta ce. "In an ɗauke ta, ta tahi wurin ƙanenka. Ka ji?"

Almu bai taɓa musa wa Inna ba. Ya ce ya ji. Ya fito zuciyarsa kamar garwashi. Tun tana gidansa ma sai Baffa, Baffa. In ta koma can, shi ya zama mi? Mai kawo nama ran sallah.

Saura kwana huɗu baƙin su zo, Nu'umanu ya faka babur gaban rumfar Almu, yana tattare riga kada ta taɓa tebur.

"Yaya, alfarma nike nema. Kan rago nike so ran Laraba, amma kada a fasa shi da gatari yadda kuka saba. A yanke ƙoƙon da zarto, a zagaye kamar murfi, ƙwaƙwalwar ta fito sumul. Zan nuna wa baƙi ita kusa da hoton ta mutum."

"Ashe hoton bai isa ba, Malam?"

"Haba Yaya."

"Za ka samu."

To, akwai wani rago ɗaure a tsakar gidan Almu, wanda wani Bafulatani ya sayar masa da arha. Ragon yana da juwa. In aka kwance shi sai ya yi ta kewaye wuri guda, kullum ta dama, har ya bugi bango. Kowane tsohon mahauci ya san abin da ke cikin kan irin wannan dabba: wata jakar ruwa ce ke girma cikin ƙwaƙwalwa, a gefen da take karkata. Naman a ci, ƙwaƙwalwar a binne kada kare ya samu. Almu ya danna babban yatsansa bayan ƙahon dama, ya ji ƙashin ya yi laushi. Ya yi murmushi. Wannan ba ya cikin hoto. Bari Malam ya yanka a gaban manya, ruwa ya fashe masa, ya tsaya yana muzurai. Malamin da ya kasa bayanin abin da ke hannunsa, wa zai zaɓi ɗalibansa?

Ran Laraba da hantsi ya yanka ragon, ya yi aikin da bai taɓa yin mai kyawunsa ba. Ya zagaye ƙoƙon a hankali, bai ko ƙwarzani abin da ke ciki ba, daga waje ba ka ganin komai. Ya sa a kwano ya kai makarantar da kansa. Bai tafi ba. Ya laɓe bayan tagar ajin da rigarsa mai ƙaurin babbaka.

Baƙi uku ne, babbansu wata Hajiya mai tabarau. Nu'umanu ya ɗaga murfin ƙoƙon ya fito da ƙwaƙwalwa a faranti, ya fara zuba bayani. Ga babban ɓangare mai lanƙwashe-lanƙwashe, a mutum ya fi haka girma nesa ba kusa ba, musamman nan gaba inda ake tsara abu da yanke shawara. Ga ƙaramar ta ƙeya mai daidaita tafiya. Ga inda laka ta sauka. Yara suna amsawa baki ɗaya kamar masu karatun allo. Hajiya ta yi hamma.

"Yanzu mu ga ciki," in ji Nu'umanu, ya sa reza.

Ruwa ya yi tsartuwa ya jiƙe masa gaban riga. Wata fatar jaka ta zubo a faranti da fararen ƙwayoyi kamar tsakin gero. 'Yan mata suka yi ihu suka ja baya. Nu'umanu ya dubi faranti, ya dubi hoton da ke bango, ya sake duban faranti. 

"Malam, wannan wane ɓangare ne?" in ji Hajiya.

Almu ya ji wani sanyin daɗi ya ratsa shi. Shekara nawa yana jiran wannan tsayuwar!

Sai ya ga hannu ya tashi a layi na biyu. Fadila ce. Ta fito ta sunkuya kan farantin ba ko ƙyama, ɗiyar mahauci ce.

"Hajiya, ba ɓangare ba ne, ciwo ne. Na san ragon. Kewaye yike yi, kullum ta dama, yana bugun bango. Ga shi abin a dama yike, ya danne wajen ya cinye shi." Ta nuna bayan ƙwaƙwalwar. "Amma ta ƙeyar lafiyarta lau. Shi ya sa ƙafafunshi ba su rawa, yana tsayuwa sosai. Tafiyar yana iyawa, inda zai nufa ne ya ɓace mashi."

Hajiya ta cire tabarau. "Da a ce mutum ne, abin ya danne nan gaba fa?"

"Ina jin zai ci, zai yi tafiya, har ya gaishe ki. Amma in kin ba shi abu biyu ya zaɓa, sai ya rasa. Ban tabbata ba dai, Hajiya. Sai an gani."

"Wannan muke nema tun Litinin," Hajiya ta ce wa na kusa da ita. "Ba hadda ba. A ina kika ga ragon?"

"A gida."

"Ɗiyata ce," in ji Nu'umanu, yana goge riga, muryarsa ta dawo.

"Haba, shi ya sa! Malam, wannan dabara taka ta kawo mai ciwo don a gwada yara, ban taɓa ganin irinta ba. Allah ya yi maka albarka."

Almu ya kama ƙarfen taga. Ya so ya yi tsawa ya ce ɗiyarsa ce, gidansa ne, ragonsa ne, shi ya san abin da ke ciki tun kan a sa wuƙa. Amma in ya faɗi haka, an san da gangan ya kawo kan. Ya saki ƙarfen. Yana kallo aka rubuta sunan Fadila, da sunan makaranta, da sunan malaminta.

Da aka tashi, Nu'umanu ya tarar da Almu a gindin bishiyar bedi.

"Yaya, ka san abin da ke cikin kan nan."

"Kai ka ce a kawo rago. Na kawo."

"Mi sunan ciwon? Don Allah faɗa mani, za su tambaye ni."

"Duba a hoto," in ji Almu, ya karɓi kwanonsa. "Ka binne ƙwaƙwalwar, kada kare ya ci."

Ran Juma'a bayan masallaci Nu'umanu ya zo ɗaukar ta. Inna Saudatu na zaune a tabarma tana sa albarka. Almu da kansa ya ɗaure akwatinta a bayan babur, ya ja igiya har ta ci masa hannu. Fadila ta zo ta durƙusa gabansa.

"Baba, abin da na faɗa rannan daidai ne? An ce mahauta sun san shi."

Ya dube ta. Amsar tana bakinsa, da yadda ake danna yatsa bayan ƙaho, da komai. Sai ya ga Nu'umanu ya miƙo kunne.

"Ni mi na sani? Nama nike saidawa. Tambayi Baffanki."

Ta tashi jiki a sanyaye ta hau. Kafin su kai bakin titi ta riga ta matsa kusa da kunnen baffanta tana magana, shi kuma yana gyaɗa kai. Almu bai shiga gida ba sai da suka sha kwana.