Tahiyar Alƙasim

Tun da na dawo Bangi daga soja ban iya zama wuri guda. In je gona in dawo, in je kasuwa ban sayi komi ba, hannuna na ta ƙaiƙayi. Mutane suka ce Halidu ya taɓu. Su dai suka sani.

A Dakar na ɗauko ciwon. Can bariki aka shigar da mu wani zaure, aka haska farin ƙyalle, sai ga akuya ta zane, zane fa, tana rawa da ƙahwa biyu. Sau shida na koma. Wani sarjan ya gaji da tambayata, ya nuna mini dabarar: zane ne bisa zane, kowane ya ɗan gusa, in ka saki takardun da babban yatsa sai abin ya motsa. Yayana Alƙasim na gehena yana dariya. Wata biyu bayan nan zazzaɓi ya kashe shi cikin jirgin ruwa.

Na zo gida da kaye uku, littattahan rubutu irin na 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko. Biyu na cika su da shirme: mahauci da kare, mai jaki da jakinai, kowane labari zane huɗu a jere, ana kallo ana ƙyaƙyata. Na ukun na Alƙasim ne. Ina son in sa shi tahiya kahin in manta yadda yake takawa, don kullum wani abu nai na zube mini.

Shafi arba'in na zana, na saki. Mutum ne yana tahiya, amma ba shi ba ne. Na goge har takarda ta huje, na sake. Haushi kamar in cinna wa abin wuta.

Mutum guda ta rage da za ta sani, ita ko ba a tambayarta. Alƙasim ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunanai ba, ba ta dubanai gaban mutane, "wancan" take cewa. Ranar da na kawo labarin mutuwar ma ta ce Allah ya jiƙan Musulmi, ta koma ga daka. Na riƙe ta da wannan a zuciya, ba ni ɓoyewa.

Da hantsi na iske ta tana sussukar gero.

"Inna, ki duba wani abu."

"Wane shirmen kuma?"

Na durƙusa, na saki takardun gaban idonta. Ta kau da kai nan take, kamar shi ne ya shigo gidan.

"Ɗauke min wannan."

Na miƙe, raina ya gama ɓaci. Na kai bakin zaure sai na ji muryarta, ba ta ko juyo ba.

"Wancan ba haka yake tahiya ba. Diddigen hagu ba ya taɓa ƙasa. Ƙaya ta soke shi a Urno yana shekara huɗu, ya saba. Kuma in zai hita yana ɗan tsayawa nan inda kake."

"Inna, yaushe kika gani?"

"Gyara ka kawo," ta ce. "Ka sa shi yana shigowa, ba yana hita ba."