Ƙanen Kyaftin Dogo

Saminu na durƙushe gaban janareta yana jan igiya karo na huɗu ya ji sallama a bayansa. Bai juyo ba sai da injin ya yi tari ya kama. Mutum biyu ne tsaye a bakin rumfar. Na gaba Malam Mansur ne, shugaban kwamitin da aka kafa a Zango bayan ƙaddamar da Shari'a don sa ido a kan gidajen kallo. Na bayansa dattijo ne siriri mai gilashi, wanda Saminu ya gane nan take. Malam Kabo ne, wanda ya koyar da shi Turanci a sakandare kafin Saminu ya gudu daga aji biyu.

Ya goge hannu a jikin wando ya russuna ya gaishe su.

"Kwantar da hankalinka, ba rufe maka wuri muka zo yi ba," in ji Malam Mansur. "An kawo mana ƙorafi ne, wai kana nuna wa mutane aljanu masu yawo a sama. Muka ce gani ya kori ji. To ni ba na jin yarensu, shi ya sa na roƙi Malam ya rako ni, ya saurari abin da suke faɗa da abin da kai kake faɗa."

"Ai babu komai, Allah gafarta Malam. Bismillah, ku shigo."

Ya kakkaɓe musu bencin gaba. Duk dokar da kwamitin ya kafa ya bi ta. Ya daina nuni bayan magariba, ya kwashe kaset-kaset na rawa da waƙa ya mayar wa dillalinsa na Kano. Abin da ya rage yana riƙe da gidan biyu ne: ƙwallo, da wannan shiri na Turawa da ake nunawa kullum bayan la'asar, na wasu mutane da ke zaune cikin wani ƙaton jirgi suna ratsa sararin samaniya daga wannan tauraro zuwa wancan. Babu wanda ya san sunan shirin a garin. Kyaftin Dogo ake ce masa, saboda sunan da Saminu ya raɗa wa shugaban jirgin. Kuma ba don hoton kaɗai mutane ke cika rumfar ba. Don fassarar Saminu suke zuwa, wanda ke zama gefen talabijin da makirufo yana mayar musu da kowace magana Hausa.

Matsalar ita ce Saminu ba ya jin Turanci. Yana tsintar kalma ɗaya a cikin ashirin, sauran kuwa daga fuskokin 'yan wasan yake karantawa, ya cike da abin da ya zo bakinsa.

Da can ba aikinsa ba ne. Ƙanensa Audi ne mai fassara, shi ne ya gama sakandare, shi ne Malam Kabo ke kira gaban aji ya karanta wa 'yan'uwansa littafi. Shekara shida ke nan da Audi ya bi motar Kongolam, bakin iyakar Nijar, zuwa Zinder, da niyyar Agadas daga nan Libiya, ya ce shekara biyu zai yi ya dawo da jarin da za su sayi babban allo. Wasiƙa ɗaya ta zo daga Agadas. Daga ita babu ta biyu. Saminu ya ɗauki makirufon ne a matsayin riƙo kafin mai shi ya dawo.

Rumfar ta cika. Manoma da suka taso daga gona da ƙasa a ƙafafunsu, 'yan acaɓa biyu da suka jingine babura a waje, da Auta, wani makiyayi da ba ya fashin zuwa duk ranar da ya shigo gari sayar da tumaki. Ganin Malam Mansur ya sa kowa ya rage murya. Saminu ya tura kaset, ya zauna.

Hoton ya fito. Kyaftin Dogo na zaune a kujerarsa, wata halitta mai shuɗiyar fata da kunnuwa kamar na jaki ta bayyana a allon da ke gabansa tana magana da sauri. Saminu ya saci kallon Malam Kabo. Dattijon ya karkatar da kai yana saurare. Tunanin ya ce lasifika ta lalace ya zo wa Saminu, amma mutum arba'in sun zuba masa ido. Ya buɗe baki.

"Mai Shuɗi ya ce, baƙi, me ya kawo ku ƙasarmu? Kyaftin Dogo ya ce, sarki ya daɗe, ba yaƙi ya kawo mu ba. Ƙanena nake nema. Yaro ne dogo kamata, yana da tabo a haɓa, ya biyo ta nan shekarun baya."

"Allah sarki," wani ya ce daga baya.

"Mai Shuɗi ya ce, mun ga ayari ya wuce ana tsakiyar bazara, sun roƙi ruwa mun ba su. Amma ba mu riƙe fuskar kowa ba."

Da maganar ta kama hanya sai tsoron ya sake shi. Haka yake masa kullum. Mutanen jirgin nan sun daɗe suna ba shi mamaki: ba su noma, ba su da kasuwa, abinci daga bango yake fito musu, ƙofa ma da kanta take buɗewa. Bai taɓa ganin ɗayansu ya je gaishe da uwarsa ba. A farko ya rasa me zai ce suna nema a cikin wannan duhu marar iyaka, don a saninsa mutum ba ya barin gida haka kawai. Ko dai yunwa ta kore shi, ko yana bin sawun wani. Da yake bai ga alamar yunwa a jikinsu ba, sai ya ba kyaftin ƙane. Kaset goma sha ɗaya ke nan ana neman yaron.

Da jirgin ya sauka a wata ƙasa mai jan rairayi, Auta ya kasa haƙuri. "Saminu, tambaye shi mana, a nan ina suke kiwo? Ko tsinken ciyawa ban gani ba."

Aka kwashe da dariya, har da Malam Mansur. Malam Kabo bai yi ba. Ya cire gilashinsa yana goge shi da bakin riga.

Kaset ya ƙare da jirgin ya sake tashi. Mutane suka fita suna gardamar ko Mai Shuɗi ya ɓoye wani abu. Saminu ya kashe janareta, shiru ya sauko a rumfar, sai kukan awaki daga bayan katangar gidansu da ke manne da wurin.

"To, Malam, me ka ji?" Malam Mansur ya tambaya.

Malam Kabo ya mayar da gilashinsa. "Ba aljanu ba ne, mutane ne aka shafa wa fenti. Ɓarna kuwa ban ji ta a Turancin ba, ban ji ta a Hausar ba."

"Alhamdu lillahi. Abin da muka zo ji ke nan." Malam Mansur ya miƙe ya gyara rawaninsa. Har ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Ni kuwa Saminu, a ƙarshe yana samun yaron nan?"

"Saura kaset ɗaya, Allah gafarta Malam. Sai gobe."

"To, Allah ya haɗa su." Ya fita.

Malam Kabo bai tashi ba. Ya nuna wa Saminu benci kusa da shi, kamar yadda yake nuna wa ɗalibi. Saminu ya zauna a ƙasa.

"Ka san me mai kunnen nan ya ce?"

"A'a, Malam."

"Cewa ya yi jirginsu ya shigo iyakarsa ba izini, su fita ko ya harbe su. Kyaftin ɗinka kuma ya ce na'urarsu ce ta lalace. Shi ke nan. Rabin sa'a a kan na'ura."

Saminu ya sunkuyar da kai. "Na gode da rufin asiri."

"Ban yi maka ƙarya ba, ban kuma yi wa Malam Mansur ba. Abin da ya tambaya na amsa." Dattijon ya shafa haɓarsa. "Tabon haɓar nan. A filin makaranta Audi ya same shi, ranar gasar tsalle. Ni na kai shi asibiti a kan kekena."

Saminu ya ci gaba da kallon ƙasa.

"Ka kalli kaset na ƙarshen?" Malam Kabo ya tambaya.

"Sau uku na kalla. Babu wanda suka samu. Sun yi biki ne a cikin jirgi, sai suka ci gaba da tafiya. Na yi niyyar in nuna wani a cikin taron in ce shi ne."

"Saminu, a kaset-kaset ɗin nan babu wanda ya ɓata. Ba kowa suke nema ba. Aikinsu ke nan, su je su ga abin da ke gaba." Malam Kabo ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali. "Ni ma na so yaron nan. Duk shekarun da na yi ina koyarwa, ban samu uku kamarsa ba. Amma gobe ka yi tunani kafin ka nuna wa mutane fuskar wani Bature ka ce an same shi. Ba masu zama a benci ne kaɗai ke jin ka ba."

Ya dubi katangar gidan, sannan ya fita.

Saminu ya daɗe zaune. Bai taɓa kawo wa ransa cewa lasifikarsa na tsallake katangar nan ba. A bayanta mahaifiyarsu, Iya, take yini, da Hussaina matar Audi, wadda ya bari da cikin wata huɗu. Yarinyar da aka haifa, Raihana, bana ta shiga aji ɗaya. Sau biyu mahaifin Hussaina, Malam Yelwa, yana zuwa daga Dutsi ya roƙi Saminu, a matsayinsa na babban wa, su je gaban alƙali ya ba da shaidar cewa babu labarin Audi, don a warware igiyar auren da ke kan 'yarsa ta san matsayinta. Sau biyu Saminu yana cewa a ƙara haƙuri, ya ji an ce akwai 'yan Daura a wani gidan yari a Sabha ta Libiya, za a sako su. Malam Yelwa mutum ne mai kawaici. Bai zo na uku ba.

Ya rufe talabijin da tsohon zane, ya kulle rumfar, ya shiga gida.

Hussaina na tsakar gida tana tankaɗe garin gero. Iya na kan tabarma a ƙofar ɗakinta da carbi, Raihana kwance a cinyarta. Ya gaishe da Iya, ya tsaya bai wuce ɗakinsa ba kamar yadda ya saba. Hussaina ta gyara mayafi ta ce masa sannu da zuwa.

"Ashe kuna jin abin da nake faɗa daga nan?"

"Kowace kalma, Yaya." Ba ta ɗago ba. "Har Raihana ta haddace muryar Kyaftin Dogo."

"Ai fassara ce kawai. Abin da Turawan suka ce."

Ta ajiye rariyar. A shekara shidan nan bai fi a ƙirga ba lokutan da ta yi masa magana mai tsawo, saboda kunyar da ke tsakanin mace da wan mijinta.

"Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Tun ina amarya baban Raihana ya gaya mini ba ka jin Turanci. Dariya yake yi, yana cewa ranar da ba ya nan sai dai ka yi wa mutane tatsuniya."

Saminu ya kau da kai.

"Ba laifi nake gani ba. Da farko har jira nake la'asar ta yi in ji inda aka kai. Amma yau kwana goma sha ɗaya kullum ana tambayar mutane ko sun gan shi, kullum ana cewa ya wuce gaba." Ta karkaɗe garin da ke hannunta. "Mutanen cikin jirgin nan, su ma suna da nasu a gida. Ka ce wa kyaftin ya yi iyakar ƙoƙarinsa."

Ta ɗauki rariyar ta ci gaba da tankaɗe. Daga masallacin unguwa aka fara gwada lasifika don kiran magariba.

Saminu ya dubi Iya. Ita ce dalilin da yake bai wa kansa duk lokacin da ya mayar da Malam Yelwa hannu rabbana: tsohuwa ba za ta iya ɗaukar ranar da za a ce a gaban alƙali ɗanta ba ya dawowa ba. Ya je ya durƙusa a gefen tabarmarta.

"Iya, ina so ranar Litinin in je Dutsi wurin Malam Yelwa. In ya amince mu wuce kotu tare." Ya ɗago ya dube ta. "Amma in kin ce a jira, sai a jira."

Iya ba ta kiran sunansa, don shi ne ɗan fari. Ta ja ƙwayar carbi biyu, ta shafa kan Raihana da ta fara gyangyaɗi.

"Kai, wainar da nake rabawa a ƙofar gida duk Juma'a, ka ɗauka ta mece ce?"

"Sadaka ce, Iya."

"Ta ƙanenka ce. Yau shekara uku." Ta miƙa masa butar da ke gefenta. "Mu mun daɗe da daina jiransa. Kai muke jira. Tashi ka yi alwala kar ka rasa jam'i."