Sai Dillaliya Ta Gwada

Duk ofishin babu wanda ba ya shakkar zuwan Mai Tirela. Tsohuwa ce mai manyan motocin ɗaukar kaya, ba ta yi nisa a boko ba, amma Allah ya hore mata tambaya kamar lauya. Da an ji ƙarar sandarta a matakala sai dillalan hannun jari su fara sulalewa, wannan ya tuna yana da taro, wancan ya shige banɗaki. Wadda ba ta da wurin gudu ita ce mai kula da jarinta. Duk digirinta, tsohuwar ba ta taɓa kiran ta da komai ba sai Dillaliya, kuma sunan ya bi ta.

Ranar kuwa Dillaliya ta zo da shirinta. Ta samo wani ƙaramin kamfani mai yin kayan gwajin ƙwayar cutar papilloma, wadda ke jawo sankarar bakin mahaifa, tana kuma ganin hannun jarinsa zai tashi.

Mai Tirela ta ture kwamfutar Dillaliya gefe. "Bar ni da zane-zanen nan. Ita ƙwayar, mene ne aikinta?"

Dillaliya ta haɗiye haushi ta yi bayani. Ƙwayar iri-iri ce, wasu ba su wuce su fito wa mutum da tusar jaki a fata ba. Tana shiga ta ɗan ƙaramin rauni ta kwanta can ƙasan fata, yawanci jiki ya kore ta mutum bai ma sani ba. Amma akwai masu taurin kai da ke maƙalewa a bakin mahaifa, su lalata abin da ke tsayar da ƙwayoyin jiki in sun gama rabuwa, sai ƙwayoyin jikin su yi ta hayayyafa.

"Wato ta tsinke birki," in ji tsohuwar.

"Haka ne, Mama."

"Direba kuma bai sani ba."

"Sai a yi shekaru ba ciwo ba alama. Shi ya sa kayan nan za su karɓu. Tsinke ne mai auduga a kai, mace ta ɗauki samfur da kanta a gida, ta aika a duba."

"Ke kin gwada?"

Dillaliya ta yi dariya. "Ni ai lafiyata ƙalau, Mama."

"Yanzu kika ce ba ta da alama." Tsohuwar ta dafa sanda ta miƙe. "Yarinya, ban taɓa sayen mota ba sai mai ita ya hau ya tuƙa da kaya cike, ina zaune a gefensa. Ki gwada kayanki, sannan mu yi magana."

Dillaliya ta koma gida ranta a ɓace. Ta zayyana wa maigidanta, shi kuwa me zai yi in ba dariya ba. Da safe, tsakanin dafa ruwan shayi da neman takalmin 'yarta na makaranta, ta yi gwajin tana tsaki, ta aika da samfurin, don kawai a rufe ciniki.

Bayan 'yan kwanaki, tana kan teburinta a ofis wayar asibiti ta shigo. An sami ɗaya daga cikin masu taurin kan. Likita ta duba ta, ta ce ƙwayoyin wurin sun fara canzawa amma ba su kai ga sankara ba, aka cire su da ɗan gajeren aiki. Da tana sa takalmi za ta tafi, likitar ta ce, "Kin zo a kan kari. Da an ƙara 'yan shekaru, da wata maganar muke yi."

Ba ta yi kuka a asibiti ba. Sai da yamma, tana taje wa 'yarta kai yarinyar tana ta mita wai da zafi, hawaye suka zubo mata. Godiya ce ta cika mata ƙirji, ga Allah, ga likitar, ga kuma wannan fitinanniyar tsohuwa.

Da ta warware ta tafi garejin tsohuwar da kanta. Ofishin Mai Tirela ɗan ɗaki ne mai warin man dizal, fanka na kaɗa kalanda, tsofaffin tayoyi jibge a bakin ƙofa.

"Kin ɓata," in ji tsohuwar. "Ko kayan naki na bogi ne?"

Dillaliya ta zauna ta faɗa mata komai. Ta kama hannunta da hannu biyu ta ce, "Mama, na gode. Ban san da bakin da zan gode miki ba."

Karo na farko Mai Tirela ta rasa tambaya. Ta goge ido da bakin mayafi, wai fankar ce.

"Saya min," ta ce.

Aiki aiki ne, don haka Dillaliya ta gyara zama. "Dole in faɗa miki, Mama, ƙaramin kamfani ne. Jarin zai iya tashi, zai iya faɗuwa."

"Ya faɗi mana," in ji tsohuwar, ba ta saki hannunta ba. "Ni na riga na ci ribata. Ga ki nan zaune kina min surutu."