Rasuwar Laraba Ta Iske Ta a Saliyo

Shekarar da Malam Ɗalha ya ajiye koyarwa a Gwandu, wata ƙungiyar da'awa ta roƙe shi ya je wani ƙauye a ƙasar Saliyo ya karantar. Matarsa Hajiya Huseina ta ce ba da furfura za ta koyi zama babu shi ba, ta ɗaure kayanta ta bi shi.

Shi Malam yana lallaɓa Turanci da maza, ita kuwa sai nuni da hannu. Da hantsi takan biya wa mata bakwai karatu, su watse, ta wuni tana kallon ruwan sama babu mai leƙowa.

Wata Talata aka bugo waya daga Kalgo, garinsu, cewa ƙanwarta Laraba ta rasu, har an kai ta.

"Malam, yanzu haka gidanmu ya cika maƙil," in ji ta, "ni kuwa ko mai ce mini ya haƙuri babu."

"Ga ni nan, Hajiya. Ya haƙuri?"

"Da godiya," ta amsa, sai hawaye.

Washegari ta daure ta shimfiɗa tabarmar karatu. Da matan suka ga idanunta, suka je suka tambayi Malam, ya gaya musu rasuwar. Ranar ba a yi karatu ba. Wata tsohuwa ta kawo dafaffen rogo, suka zauna kewaye da Hajiya har azahar, babu mai jin harshen wani.

Bayan sun tafi ta ɗan taɓa rogon, sannan ta kira 'ya'yan marigayiyar ta yi musu gaisuwa.