Layin Macijin Ƙarfe

Tun kafin su wuce ƙofar filin wasan lilo da shaƙatawar, Genivaldo ya kafa wa wayarsa ido. Sati guda ya yi yana koyon tsarin: ka latsa, ka kama wuri a lilon da kake so, wayar ta faɗa maka lokacinka, ka je ka wuce ta ƙaramar ƙofa masu layi suna harararka. Macijin Ƙarfe ne kawai mai wuyar sha'ani, jirgin nan da ke kifar da mutane kai ƙasa. Sau ɗaya ake ba kowa wuri a cikinsa, in ya kuɓuce ya kuɓuce. Genivaldo ya samu na la'asar, har da ɗan tsallensa.

Ranar Talata 'yarsa Tainá za ta bi uwarta birnin Lisbon, can ƙetaren teku, tafiyar da ba a sa mata ranar dawowa ba. Asabar ɗin nan kaɗai ta rage masa, ya kuma rantse layi ba zai ci masa komai daga cikinta ba.

"Kai Geni, korarmu ake yi?" in ji mahaifiyarsa, Dona Zuleide, tana haki a baya, rungume da robar soyayyiyar kaza da garin rogo. "Ƙafafuna fa ba na haya ba ne."

"Ɗaga su dai, Mama, kwalekwale na kiranmu."

Daga kwalekwale sai motocin karo, daga nan sai gidan fatalwa. Bawan Allah ko ihu bai yi ba a gidan fatalwar, yana can yana latsa waya a cikin duhu. Ba su gama saukowa daga wani ba ya kama wani. Tainá ta ja masa riga.

"Baba, ka san makarantar da Mama ta..."

"Riƙe maganar, 'yata, riƙe ta da kyau. Mu je tukuna."

Ta riƙe. Can wajen lilon dawakai ta sake farawa, wayar ta yi ƙara, ta sake riƙewa. Abincin rana ma a tsaye ya sa suka ci, Dona Zuleide na mita cewa ko a tashar mota an fi haka mutunta kaza.

Da rana ta take, zafi ya ishi kowa. Ya miƙa wa Tainá wayar, ya ce kada ta taɓa komai, ya ruga sayo ruwan rake. Ya dawo ya duba wayar. Babu wurin da ya kama a Macijin Ƙarfe. Ya kashe wayar, ya kunna, ya girgiza ta. Ya nufi yarinyar da ke tsaron ƙaramar ƙofa, yana magana da hannu da ƙafa. Ta duba nata allon, ta ce, "Yi haƙuri, Yallaɓai, daga wayarka aka soke. Sai dai babban layi."

Babban layin kuwa ya nannaɗe har bayan rumfar masu gugguru.

"Ni na wuce sittin, ina da layin tsofaffi," in ji Dona Zuleide. "Ku ce rakiyata kuke yi."

"Ke da hawan jininki? Mama, ke kika taɓa wayar nan, ko? Kullum sai kin latsa abin da ba ki sani ba!"

"Ji min ɗan banza! Hannuna duk maiƙo?"

"Ni ce," in ji Tainá.

Ya juyo. Tana kallon takalminta.

"Ke? Tainá, kin san wahalar da na sha? Saboda ke fa nake..."

"Tun safe kake sauri, Baba. In muka hau wannan shi ke nan, an gama, sai mota, sai gida." "Ni ban ga abin da kake wa sauri ba. Talata ce a gaba."

Maganar ta dake shi a ƙirji, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Dona Zuleide ta zare wayar daga hannunsa, ta jefa a jakarta tare da robar kaza, ta tafi neman inuwa.

Suka bi ƙarshen layin. Da farko ƙafarsa ta ƙi tsayuwa wuri ɗaya, hannunsa na ta laluben aljihu. Sai Tainá ta fara. A makarantar can riga mai ruwan toka ake sawa. Tana tsoron za su yi mata dariyar yadda take magana. Tana so ya riƙe mata kyanwarta, amma kada ya ba ta madara, gudawa take sa ta. Ta tambaye shi ko zai riƙa ɗaga waya in ta kira yana wurin aiki.

Layin ya motsa, fili ya buɗe a gabansu. Wani saurayi da budurwarsa a baya suka ce, "Malam, matsa mana."

Genivaldo ya ja 'yarsa gefe.

"Ku wuce," ya ce. "Mu ba sauri muke ba."