Ɗiyar Direba

Shekara shida ina kula da sabar gidan rediyonmu, babbar kwamfutar da ke ajiye da duk shirin da aka taɓa naɗa. Da tsarin Linux take aiki. A cikinta akwai faifai huɗu, da wani tsohon kati da ake kira RAID, wanda ke haɗa su su zama rumbu ɗaya. Katin nan ba ya motsi sai da direbansa, wato 'yar manhajar da ke yi masa tafinta da kwamfutar, kuma duk lokacin da aka sabunta tsarin sai an sake haɗa direban da hannu. Shi ya sa na manna takarda a jikin sabar: kada a sabunta sai an neme ni.

Sai Manaja ya kawo ɗan wansa ya ɗora mini a matsayin shugaba. Digiri muke ce masa, don ko gaisuwa kuka yi sai ya sako maganar karatunsa. A taron farko na yi bayanin katin da direbansa. Ya kalle ni sheƙeƙe, ya ce, "Ai dole. Ɗiyar direba wace magana za ta yi in ba ta direba ba?"

Aka kwashe da dariya. Babana shekara ashirin yana tuƙa motar gidan nan kafin ya yi ritaya, kuma kullum da yamma yakan zo ɗaukata, ya zauna a bencin da ke ƙarƙashin tagar ɗakin taro. Ranar yana wurin, tagar kuma a buɗe. Komai a kunnensa aka yi. Daga ranar ya daina shigowa, sai dai ya tsaya can bayan kwanar titi ya jira ni. Wannan ne ya ƙona mini rai, kuma na ƙulla shi a zuciya.

Digiri ya yage takardata, ya mayar da ni gyaran firinta. Na ce to.

Ranar Laraba da hantsi ya sabunta tsarin, ya kashe sabar ya kunna. Ta tashi lafiya lau, amma rumbun ya yi ɓatan dabo. Shirye-shiryen shekara talatin, babu ko ɗaya. Kafin azahar ya gaya wa Manaja faya-fayan ne suka mutu saboda sakacina. Manaja ya kira ni ɗakin sabar, ma'aikata sun cika ƙofa. Ya ce in rumbun bai dawo yau ba, in ajiye makullina.

Na tarar da Digiri da sukundireba a hannu, yana shirin zare faya-fayan ya goge abin da ke cikinsu, wai ya gwada ko za su farfaɗo. Da ya yi, da shi ke nan an yi jana'izar komai. Fitilun faya-fayan huɗu kuwa kore shar, lafiyarsu ƙalau. Gyaran bai fi minti biyar ba, amma ban yi niyyar sauri ba. Ramuwar gayya ai ta fi ta gayya zafi.

Na ce, "Yallaɓai, ni mai gyaran firinta ce. Shugabana ya zauna ya danna, ni in tsaya a baya."

Manaja ya yi masa nuni da kujera. Na sa shi ya buɗo jerin kayan da ke cikin kwamfutar a kan allo. Ga katin nan, tana ganinsa.

"To kati bai mutu ba ke nan," na ce. "Duba ƙasansa. Wa ke jan sa?"

Ya ƙura wa allon ido.

"Babu kowa," ya ce.

"Me ya ɓace ke nan?"

Ya motsa baki, ba a ji ba.

"Ɗaga murya, ranka ya daɗe. Na bakin ƙofa ba su ji ba."

"Direba."

"Ashe mota ce lafiyayyiya aka sauke mata direba, ake shirin kai ta wurin 'yan gwangwan."

Wannan karon ma an yi dariya, kuma na sha ta har cikin raina. Na sa ya sake kunna sabar, ya zaɓi tsohon tsarin daga jerin da ke fitowa da zarar an kunna ta. Rumbun ya dawo cif, ko daƙiƙa ɗaya ta shiri ba ta ɓace ba. Sannan na karɓi kujerar, na haɗa direban da sabon tsarin a gabansa, ina faɗin kowane mataki a hankali kamar mai koya wa yaro ƙirga.

Manaja ya yi gyaran murya, ya ce in koma kan aikina na kula da sabar. Na ce na gode, amma saura takardata. Na miƙa wa Digiri biro da farar takarda, ya rubuta da hannunsa, ya manna inda ya yage waccan.

Da yamma na taka har bayan kwana. Baba na cikin mota, ya kwantar da kujera yana jin rediyo.

"Uwata, yau kin makara," ya ce.

"Baba, tayar da motar. Shiga za mu yi, na manta jakata."

Ya dube ni, ya dubi jakar da ke kafaɗata.

"Har ciki," na ce. "Ka tsaya a ƙarƙashin tagar ɗakin taron nan, ka danna hon."