Gemun Sojan Ulu

A ƙauyenmu na kan tsaunukan Erzgebirge a ƙasar Jamus, sojan fasa ƙwara, wato ɗan mutum-mutumin da ake fasa 'ya'yan itace masu tauri da bakinsa, da katako ake yin sa, a zana masa haƙora, a manna masa gemu da gashin zomo, a tsayar da shi a taga lokacin Kirsimeti. Amma surukata Irmtraud, da yake ba a gaya mata ta ji, bana sai ta ce saƙa nata za ta yi. Ta zauna gindin murhu da jan ulu da tsinken saƙa, ta ɗura masa tsummokara har cikinsa ya yi tulu. Soja ne wai, amma ko wake dafaffe ba zai iya fasawa ba.

Wannan duk bai dame ni ba. Gemun ne ya tayar min da hankali.

Ina ganin farin gashin nan mai ɗigon toka na gane shi. Moppel ne, zomon 'yata Annelie, wanda take ba karas da hannunta, take kwana da shi a rai. Tun farkon sanyi aka ce mata ya ɓalle keji ya shiga daji, kuma kullum sai ta ajiye masa ganyen kabeji a bakin shinge.

Na ja tsohuwar zuwa kicin. "Mama, me kika yi haka?"

"Me na yi? Zomo dai zomo ne, Katrin. Ya yi ƙiba, lokacinsa ya yi. Naman na cikin firiza, fatar kuma in zubar? Mu ba a haife mu cikin almubazzaranci ba."

"A kan abin wasan yarinyar za ki ɗinka shi?"

"Ado ne, ba abin wasa ba. Ke dai kin cika tsirfa."

Ko jeme fatar ba ta yi da kyau ba. Da ɗumin murhu ya buge ta, sai wani ƙarni ya cika falo, ya danne ƙamshin kyandir da na kek. Mijina Torsten kuwa, sai ya buɗe taga ya ce wai hayaƙi ne. Tir da irin wannan namiji.

Na yi niyyar in cire gemun kafin Annelie ta dawo daga makaranta. Na ɗauko almakashi ke nan na ji ƙarar takalmanta a ƙofa, tana karkaɗe ƙanƙara.

"Zo ki ga abin da Kaka ta yi miki," in ji tsohuwar, har da washe baki.

Yarinyar ta ɗauki sojan, ta yi dariyar tumbinsa. Sai yatsanta ya sauka kan gemun. Ta shafa shi sama, ta shafa ƙasa, ta kai shi hanci. Dariyar ta ɗauke. Ni dai na tsaya da almakashi a hannu kamar gunki.

Ba ta kalli kakar ba, ba ta kalli uban ba. Ni ta juyo ta kalla.

"Mama," ta ce a hankali, "ba kya ara min almakashin? Zan cire shi in kai shi bakin shinge. Moppel ba ya son zafin murhu."